Fulin karanshaf bayan an sake haɗa inji: wanne za a saya?

Malam, ka ce an gama haɗa maka injin Toyota Sienna, samfurin 1MZ, amma robar fulin karanshaf (faifan da ke jan bel a bakin sandar da fistan ke juyawa) ta tsattsage, kana neman shawara ko ka sayi sabo, ko ɗan Beljiyam, ko wanda aka zuba da ƙarfe zalla. Na ƙarfe zallan nan, don Allah ka cire shi daga lissafi tun yanzu.

Fulin nan ba bel kaɗai yake ja ba. Ƙarfe biyu ne, cibiya a ciki da zobe mai nauyi a waje, roba a tsakaninsu. Duk sanda silinda ta buga wuta, karanshaf yakan ɗan murɗe ya dawo, kuma akwai gudun da idan inji ya kai, murɗewar nan kan taru ta yi ƙarfi. Zoben da robar su ne ke shanye ta. Kamfani ya auna nauyin zoben da taurin robar ne daidai da karanshaf ɗin wannan injin. Ka saka na ƙarfe zalla, ko ka bari a yi wa tsohon walda a haɗe ciki da waje, girgizar sai ta koma kan metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu) da karanshaf ɗin da ka kashe kuɗi aka gyara. Ba rana ɗaya take nuna kanta ba, shi ya sa mutane ke cewa ai lafiya yake aiki.

Wajen saye, lambar kaya za ka bi, ba ido ba. Sienna ta 1998 zuwa 2003 ce ke da 1MZ, ta 2004 zuwa 2006 3MZ ce, ta 2007 zuwa 2020 kuma 2GR mai bel ɗaya dogo. Ka riƙe tsohon fulinka ka tafi da shi kasuwa, Ƙofar Ruwa ce ko Panteka, ka kifa su a kan tebur gefe da gefe. Ƙirga layukan da bel ke zama, na altanaita da na sitiyari, ka auna faɗi, ka auna nisan layukan daga bayan cibiya. Milimita biyu ko uku kawai ya bambanta, bel zai riƙa ƙara yana cin gefe. Sannan ka duba ramin ki (ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da karanshaf) da tsagar alamar tayimin, su kasance wuri ɗaya a duka biyun.

Sabo na Toyota ya fi, idan aljihu ya ɗauka. Ɗan Beljiyam na asali ya fi sabon da ba shi da suna, amma robarsa ta haura shekara 20, don haka ka dube ta da tocila gaba da baya. Idan ta kumbura ta leƙo waje, ko ta bushe ta fashe, ko mai ya jiƙa ta ta yi laushi, ajiye shi.

Sakawa ita ce inda ake yawan ɓata aiki. A cire tsohon da fula (abin zaro fuli) mai shiga ramukan cibiya, ba mai ƙafa uku da ke kama zobe ba. A goge bakin karanshaf, a tabbatar ki ɗin bai ci ba, a shafa ɗan mai. Da hannu ya kamata ya shige. Guduma kam kada ta zo kusa, don bugun yana sauka ne kan toros washa, wanda ke hana karanshaf motsi gaba da baya. Kan notin fulin milimita 22 ne, ana ɗaure shi da sifana mai awo zuwa 215 Nm, a riƙe fulin da abin riƙonsa. Idan bai ɗauru ba, fulin zai riƙa wasa har ya cinye ramin ki a jikin karanshaf, wannan kuwa sai an sake sauke inji.

Kafin a tayar, a kawo fistan na ɗaya sama a ga tsagar ta tsaya kan sifiri. Sai ka ja layi da farin fenti daga cibiya, ya ratsa roba, ya kai zobe. Bayan sati ɗaya ka leƙa da inji a kashe. Idan layin ya rabu biyu, zoben yana zamewa, ka mayar wa mai shago kayansa.