Amsa ga mai son lulluɓe ƙaramar tirelar kwana da alminiyum

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ƙanena, na saurari muryarka, na kuma ga hotunan. Madalla, lanƙwasar rufin nan ta fita sosai, siffar ɗigon hawayen ta bayyana. Ka ce ka gama jikin da filawud, faɗi ƙafa 5, tsawo ƙafa 8, kana so ka lulluɓe ta da alminiyum, kuma an ba ka shawara ka shafe jikin da gam irin Evo-Stik ka manna fallen gaba ɗaya. To don Allah dakata, kar ka buɗe gwangwanin nan sai ka ji ni har ƙarshe.

Ka ga, mutane na ɗauka alminiyum ne ke hana ruwa shiga. Alhali shi kariya ce daga rana da duwatsun hanya. Ruwa kuwa sai ya samu hanya, ta ramin sukuru, ta bakin taga, ta hinjin murfin baya. In ya shiga ƙarƙashin ƙarfe ba shi da mafita, ba iskar da za ta busar da shi, sai ya kwanta yana cin katako a ɓoye. Daga waje tirela na ƙyalli, ranar da ka zo ɗaure sukuru sai ka ji yana ta juyawa bai kama komai ba, ka zaro shi ka ga bakinsa da baƙin gari mai danshi. Wallahi ganin wannan yana da ciwo bayan duk wahalar da mutum ya sha. Saboda haka kafin maganar kowane lulluɓi, ka shafe katakon kaf da ifoksi, wato ruwan gam mai haɗi biyu da ke daskarewa ya hana ruwa shiga, shafi biyu ko uku. Bakin filawud, inda ake ganin layi-layin nan, can ne ya fi shan ruwa. Ka ba shi ya sha, ka ƙara, har sai ya daina tsotsewa ya fara sheƙi. Duk inda ka yanka ƙofa ko taga ko ramin fanka, nan ma haka. Ka yi aikin kamar ba abin da za ka ɗora a kai.

Yauwa, maganar gam. Alminiyum yana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.023 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 1 na Selsiyos. Ɗan kaɗan ne a ji, amma yi lissafi. Fallenka mita 2.4 ne, tsakanin sanyin asuba da ƙarfen da ya sha rana digiri 40 ba komai ba ne, ka ga milimita 2 ke nan da ɗoriya. Filawud ba ya bin sa, nasa motsin ɗan ƙanƙani ne. In ka manne su, wani wuri gam ya riƙe, wani wuri ya saki saboda zafi, sai ka ga jikin ya yi kumburi nan da can, ka danna da yatsa ya yi ƙara ya koma, ka saki ya dawo. Kuma ba ya gyaruwa sai ka ɓamɓare duka. Shi ya sa akasarin masu wannan aiki ba sa manna shi. Ɗora shi ake yi kawai, a kama shi ta gefe-gefe da sandar alminiyum ta kwana, da firam ɗin ƙofa da na taga, tsakiyar a bar ta ta yi numfashi. Ramukan da za ka huda a fallen ma ka ɗan buɗa su fiye da kaurin sukurun. In kana buƙatar abin da zai riƙe maka shi kafin ka ɗaure gefe, ɗan gam a wurare kaɗan ya isa.

Kauri kuma, nemi mai milimita 1, wanda suke rubutawa inci 0.040. Na rufi za ka iya sauka zuwa 0.032 don ya fi bin lanƙwasa. Ka tambayi lambar nau'in alminiyum ɗin, 3003 ko 5052 suna lanƙwasuwa lafiya, 6061 mai tauri yana tsagewa a kwana mai tsanani. Nauyinsa kilo 2.7 ne a kowace murabba'in mita, wato falle mai ƙafa 4 da 8 kusan kilo 8. Ledar da ke jikinsa kar ka ɓare ta sai an gama komai.

Sai dai ga inda faɗin tirelarka zai ba ka aiki. Fallen da aka fi samu ƙafa 4 ne, kai kuma rufinka 5. Ko dai ka nemi mai ƙafa 5, ko ka jera su a gicciye da haɗi. In haɗin ya zama dole, na gaba ya hau kan na baya, don iskar tafiya ta wuce da ruwa ta sama maimakon ta cusa shi ciki. A gaban tirelar kuma, inda jikin ya sauko, kar ka yarda haɗi ya faɗo wurin ko kaɗan. Ka fara da bango biyu, rufi ya zo daga baya, ka ja shi da bel ɗin ɗaure kaya a hankali har ya kwanta.

Ƙarƙashin kowace sandar gefe ka shimfiɗa tef ɗin butil, wannan mai danƙo da ba ya bushewa. In kana ɗaure sukuru za ka ga yana ɓullowa ta gefe kamar ƙullin fulawa, to wannan ɓullowar ita ce shaidarka cewa wurin ya toshe. Inda bai ɓullo ba, kwance ka ƙara. Silikon kuwa ka nisance shi, in ya saki ba abin da ke kama wurin, ko sabon silikon. In kana son na matsawa, nemi irin Sikaflex 221. Sukuru ya zama wanda ba ya tsatsa, ka tsoma bakin kowanne a abin liƙin kafin ya shiga. Af, in akwai katakon da aka yi wa maganin gara mai jan ƙarfe a ciki, kar ya taɓa alminiyum kai tsaye, cinye shi yake yi.

Yanzu in ka ce mini ba lallai sai ƙyallin nan ba, ni da wannan faɗin naka ƙyalle zan zaɓa, domin ba haɗi ba ramin sukuru a gefe. Akwai ƙyallen faiba, wato saƙar zaren gilashi, da ifoksi, mai giram 200 a murabba'in mita ya wadatar. Sharaɗinsa ka goge kwanoni su yi zagaye, don ba ya bin kaifi, sai ya ɗago ya bar iska a ƙasa. Kuma dole fenti a kai, rana na lalata ifoksi in an bar shi tsirara. Akwai kuma hanya mai sauƙi, yadin kambas na auduga da gam ɗin katako irin Titebond II. Ka wanke yadin ya tsuke tukuna, ka goge shi, ka shafa gam da rola, ka shimfiɗa kana lailayewa daga tsakiya zuwa gefe, ka naɗe bakin ya shige ƙarƙashin daɓe. In ya bushe sai fentin waje, na farko a ɗan tsinke shi don ya ratsa zaren, ka ci gaba da shafi har saƙar ta cika. Ba zai yi santsin jikin mota ba, za a riƙa ganin ɗan zanen saƙa, amma gyaransa faci ne da fenti kawai.

Duk wanda ka zaɓa, kafin ka sa katifa da rufin ciki, ka shiga da tocila, wani ya riƙe tiyo yana feshi daga ƙasa yana hawa sama a hankali, ya daɗe a kan hinjin baya da saman ƙofa. Turo mini hoton hinjin nan daga kusa, ina so in ga yadda ka bar bakinsa biyu. Na gode.