Amsa ga 'yar'uwar da malamar ajinta ke yi mata gyara a gaban ɗalibai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata mai tambaya, tun jiya na karanta saƙonki na kasa wucewa, wallahi sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Kin ce malamar da aka haɗa ki da ita a TP, wato koyarwar gwaji da kwaleji ke tura ɗalibanta su yi a makarantu, ta sakar miki azuzuwanta duka tun makon farko, ba ta leƙo ki sai ta ga dama, in kuma ta shigo sai ta katse ki ta yi miki gyara yara suna kallo. Kina tambaya ko ki gaya wa sufabaizanki, wato malamin da kwalejinku ke turowa ya duba aikinki, ko ki haɗiye don kada a taɓa miki maki. Na ga wasu sun ce miki haƙuri kawai, ai 'yan makonni ne. Ni ma haka aka ce mini a lokacina, kuma waɗanda suka faɗa ba su ne suke tsayawa gaban allon ba.

Tawa malamar ranar da aka gabatar da ni gare ta ko ɗago kai ba ta yi sosai ba. Ta turo mini rajista da littafin manhaja, ta ce, "Ga su nan, Allah Ya ba da sa'a." Shi ke nan. Kwanakin farko da ya kamata in zauna a bayan aji in ga yadda take tafiyar da yaranta, in san wane ne mai surutu, wace ce ba ta ganin allo daga nesa, ban samu ko ɗaya ba. Shirin darasina kuwa sai in kwana ina rubutawa, in kai mata da safe ta sa hannu, ta ajiye jakarta a kai. Wani lokaci ta sa hannu ba ta karanta ba, wani lokaci ta ja jan layi tun daga sama har ƙasa ba tare da ta ce ga abin da ya ɓaci ba.

Duk wannan na jure. Abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata na tafasa shi ne ranar darasin tara rabi da sulusi a aji biyar. Na san yara da yawa za su ce biyu bisa biyar, don sama suke tarawa da sama, ƙasa da ƙasa. Saboda haka na yanko kwali dogaye, ɗaya na raba shi biyu, ɗaya uku, ɗaya shida, don su gani da idonsu cewa rabi sudusi uku ne, sulusi kuma sudusi biyu, jimla biyar bisa shida. Na jera su, na yi tambaya, na yi shiru ina jira. Da gangan na yi shirun nan. Akwai wata yarinya a layi na biyu da ba ta taɓa magana a aji ba, na ga leɓenta na motsi tana ƙirga yankan kwalin, hannunta ya fara ɗagowa. Daidai nan Malama ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ƙarfi, "Ke haka aka koya muku? Ki tsaya kina kallonsu suna kallonki?" Ta taho ta zare allin daga hannuna, ta ɗauki dasta ta goge duk abin da na zana, ta rubuta ka'idar ta ce su kwafa. Wani yaro a baya ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Ni kuwa ina tsaye a gefe da kwalina a hannu, ban san ko in zauna ko in fita ba. Ba ta ko sake kallona ba har aka kaɗa ƙararrawa. Yarinyar nan ta mayar da hannunta ƙarƙashin tebur, ban ƙara ganin ta ɗaga shi ba har na bar makarantar.

Kuka kam na yi shi, a bayan ajin, na wanke fuska na shiga na gaba. Amma ɓarnar ba a kukan take ba. Daga ranar, duk abin da na faɗa sai wani ya ce, "Anti, ba haka Malamarmu ta ce ba." In na ce a yi shiru sai su dubi ƙofa su ga ko mai ajin na gaske na tafe. Abin da gyaran da ake yi miki a gabansu ke ci ke nan, ƙanwata, kwarjininki yake ci, kuma aji ba ya koyuwa a hannun wanda yara suka raina.

Abin takaici, shirun da ta zage ni a kai ba sakarci ba ne. Wata masaniya Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta nuna tun farkon shekarun 1970 cewa yawancin malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan sun yi tambaya, kuma in aka ƙara jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara. Na sani a ranar, amma wa zai buɗe baki?

To, ki gaya wa sufabaizanki, ai don haka aka turo shi. Sai dai kada ki je masa da "ta tsane ni", ba abin da zai iya yi da wannan. Ki nuna masa jadawalinki ya ga yawan darussan da kike shiga a mako. Ki buɗe takardar ka'idojin da kwalejinku ta ba ku, a ciki za ki ga nauyin da aka yarda a ɗora miki da waɗanda ke da hannu a makinki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da ajin da aka bar ki ke kaɗai da abin da aka ce miki.

Amma kafin nan ki sami malamar tukuna, ita kaɗai, ba a ofishin malamai ba inda za ta ji ana kallonta. Ki gaishe ta da ladabi ki ce, "Malama, alfarma nake nema. In kin ga na yi kuskure, don Allah ki rubuta mini, in an tashi in zo ki nuna mini." Ki roƙe ta ki kalli darasinta ko sau ɗaya ne. Ki ba ta takamaiman abin da za ta duba miki, misali yadda kike rarraba tambayoyi ko rubutunki a allo. Yadda ya kamata aikin ya kasance ke nan: ku zauna kafin darasi, ta kalla ta yi shiru, ku zauna bayan darasi. Da yawa daga cikin malaman nan ba wanda ya taɓa koya musu haka, an dai wayi gari an ce ga ɗaliba an kawo miki. Ba wanke ta nake yi ba. Tawa ranar bankwana a gaban shugaban makaranta ta dafa kafaɗata ta ce ita ta horar da ni, alhali takardun jarrabawar azuzuwanta duka ni na duba, ni na cike sakamakon, ita sa hannu kawai ta yi. Na yafe, amma ban manta ba.

Kuma don Allah kada ki zage ta a gaban yara ko da wasa, kada kuma ki baza maganar a cikin abokan TP ɗinki, bango ma yana da kunne. Ki dubi sauran malaman makarantar, ba za ki rasa na kirki ba. Ni wani dattijon malami ne, ba ma fannina yake koyarwa ba, ya ga idona ya yi ja ya kira ni. Shi ya koya mini in daina ɗaga murya, in taka in tsaya kusa da mai surutun in ci gaba da bayanina. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

Maganar da kika yi cewa ko ba ki dace da koyarwa ba ita ta fi damuna. Wata masaniyar Ba'amurkiya, Frances Fuller, ta yi bincike a 1969 a kan masu koyon koyarwa, ta ga damuwarsu ta farko a kan kansu take: zan iya riƙe ajin, ana ganina da daraja? Sai daga baya hankali ke komawa kan ko yaran sun fahimta. Kowa ta nan yake bi, ke kuma an ƙara miki da mai tsinka ki. Kada ki yanke wa kanki hukunci a kan wannan.

Ki sanar da mu yaushe sufabaizan zai zo da darasin da za ki yi ranar. In lissafi ne ki turo shirin darasin nan mu duba miki tare, kuma ki gaya wa Malamar ranar tun da wuri don kada ta ce ba ta sani ba.