Amsa: Senna ko Prost, wa ya fi tsabtar wasa?

Malam, ka tambaya tsakanin Ayrton Senna da Alain Prost wa ya fi halin kirki a gasar tseren motoci ta Formula 1. A wurina Prost ya fi tsabtar wasa, ko da yake Senna nake ƙauna.

Prost Bafaranshe ne mai lissafi, har ana kiransa Farfesa. In na biyu ya ishe shi, ba ya kasada. Kambin duniya 4 ya ci, Senna 3.

Shi kuwa Senna, ɗan Brazil, wuta ne. A filin tsere na Suzuka da ke Japan a 1990 ya daki motar Prost a kwanar farko, daga baya ya amsa cewa da gangan ya ƙi kaucewa, don haushin soke nasararsa a wurin a 1989. Wannan kam ba zan kare shi ba, wasa da rai ne.

Amma shi ɗin ne dai a filin Spa da ke Belgium a 1992 ya tsayar da motarsa, ya sheƙa da gudu ya kashe injin motar Erik Comas, direban da ya yi hatsari ya suma. Da Senna ya rasu bayan hatsari a filin Imola da ke Italiya a 1994, Prost na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa a São Paulo.