Ga uwar da ɗanta mai otizim zai fara kwaleji

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun jiya da dare na karanta tambayarki, amma sai yau na iya zama in ba ki amsa, saboda ta taɓo mini wurin da bai gama warkewa ba. Kin ce ɗanki mai shekara 18, wanda likitoci suka tabbatar yana da larurar otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar mu'amala da mutane da yadda mutum ke jin abubuwan da ke kewaye da shi, wanda wasu ke kira galahanga) tun yana ƙarami, ya samu gurbin karatu a kwaleji mai nisa da gida. Ke kuma kina fama da hawan jini da ciwon suga, ga ƙannensa biyu a gabanki. Kina tambaya ko ki bar shi ya tafi, kuma ko ya dace a gaya wa makarantar halin da yake ciki. Ina taya ki murna tukuna, Allah ya sanya albarka. Nawa yaron yanzu yana shekararsa ta uku, yana karanta safiyo da zanen taswira, kuma abin da zan faɗa miki abin da muka gani ne da idonmu.

Lokacin da takardarsa ta fito, duk tsorona yana kan karatu. Zai gane lakca? Zai iya rubutu da sauri? Ashe ba ta nan matsalar za ta ɓullo ba.

Wata huɗu kafin tafiyarsa aka yi mini tiyata, na kwana tara a asibiti. Mahaifinsa yana ta zirga-zirga tsakanin wurin aiki da asibiti, 'yar'uwata kuma tana zuwa ta duba yara da yamma. Kowa ya ɗauka shi babba ne, zai kula da kansa. Da na dawo na ƙirga ƙwayoyin maganinsa, domin yana da farfaɗiya tun yana shekara 14, sai na tarar ya tsallake sha har sau biyar. Wanka sau biyu ya yi a kwana taran nan. Ƙanwarsa ta ce akwai ranar da tun safe har dare bai sa komai a bakinsa ba, alhali abinci yana rufe kusa da shi. Wannan fa yaron da zai zana miki taswirar ƙasashe da koguna da ka, bai kalli littafi ba. Ranar na zauna a bakin gado, ga ɗinki a cikina, na yi kuka, don na gane ni ce agogonsa shekara da shekaru ban sani ba.

Likitarsa ta yi mini bayanin da ya sanyaya mini zuciya. Ta ce akwai aikin da ƙwaƙwalwa ke yi na tsara abu, da fara shi, da barin wani aiki a koma wani, da tuna abin da ke gaba, kuma wannan aikin yakan yi wa masu otizim da yawa nauyi, komai kaifin basirarsu. Wasunsu ma saƙon jiki ba ya isa gare su da wuri: yunwa, ƙishirwa, zazzaɓi, gajiya. Nawa ba ya sanin yana jin yunwa sai jiri ya fara ɗibarsa. Don haka idan wani ya ce miki lalaci ne ko sangarta, kada ki karɓa.

Da na ɗan ji sauƙi sai na ɗauki littafi. Tsawon mako guda, duk lokacin da na buɗe baki na tuna masa wani abu, ko na yi masa wani abu da hannuna, sai in rubuta. Tashi daga barci, magani, canza kaya, cajin waya, yanke farce, shan ruwa, kashe fitila a kwanta. Abubuwa sun haura talatin. Daga nan muka zauna ni da shi, muka riƙa ɗaukar guda biyu ko uku duk mako ina miƙa masa. Da magani muka fara: ɗan akwati mai gida bakwai, da ƙararrawar waya safe da dare. Sharaɗin shi ne ni in yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi komai wuya. Ki ga lokaci yana wucewa, bakinki yana ƙaiƙayi, amma ki daure sai minti talatin sun wuce kafin ki ce uffan. Ta haka muka gano inda tsarin ke yoyo tun yana gida, inda kuskure ba ya tsada.

Wani abin da na koya shi ne irin maganar da ke shigarsa. «Ka kula da kanka» ba ta da ma'ana a wurinsa. «Ka riƙa cin abinci» ma haka. Amma «ƙarfe 1 na rana da ƙarfe 7 na dare, ko kana jin yunwa ko ba ka ji», wannan yana riƙewa kamar doka. Mun je makarantar sau biyu kafin a buɗe, muka taka da ƙafa daga ɗakin kwana zuwa ajujuwa, zuwa asibitin makaranta, zuwa ɗakin karatu. Shi da kansa ya zana taswirar wurin, ya sa alama a wata kusurwa mai shiru da zai riƙa gudu can idan hayaniya ta ishe shi.

Duk da wannan shiri, zangon farko ya ba mu wuya, kuma akwai laifinmu a ciki. Mahaifinsa ya ce kada a gaya wa kowa, kada a liƙa wa yaro suna tun ranar farko. Shi ma yaron bai so ba. Ni kuma na bi su, don na san yadda mutane ke jin kalmar galahanga su haɗa larurori daban-daban a kwando ɗaya, su yanke hukuncin cewa mutum ba zai iya komai ba. Sai aka sa shi ɗaki su huɗu. Yaran ba mugaye ba ne, samari ne kawai: hira har tsakar dare, kiɗa a waya, fitila a kunne, baƙi suna shiga suna fita, wani ya zauna masa a gado. Abin da wani zai ji a matsayin ƙaramar damuwa, a kunnensa da fatarsa azaba ce.

Kullum ina kiransa. «Lafiya?» «Lafiya lau.» «Ya karatu?» «Lafiya lau.» Sai in ajiye waya hankalina a kwance. Ban tuna cewa ni na koya masa wannan amsar tun yana ƙarami ba, kuma ya haddace ta a matsayin abin da ake faɗa idan an yi wannan tambayar. Da yawansu suna ƙoƙarin ɓoye yanayinsu su yi kama da kowa, su tilasta wa kansu kallon ido da murmushi, kuma wannan ƙoƙarin yana cinye ƙarfinsu har ya ƙare. A mako na shida ya daina zuwa lakca. Ya daina magana da kowa. Ya yi dare uku kusan ba barci, magani ya rikice, farfaɗiya ta buge shi a ɗaki.

Bari in tsaya a nan kaɗan, ko da naki ba shi da ita. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim fiye da sauran mutane, kuma lokacin balaga yana cikin lokutan da take fara bayyana. Rashin barci da tsallake magani suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Ranar, ɗaya daga cikin abokan ɗakinsa, da kyakkyawar niyya, ya yi ƙoƙarin cusa masa cokali a baki, ya ji masa ciwo a dasashi. Ba a sa komai a bakin mai farfaɗiya, ba a danne shi. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta ta gefe, a duba agogo. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a nemi taimakon gaggawa. Da mun gaya wa yaran nan tun farko, da sun san wannan.

Don haka ga amsata kan gaya wa makaranta: a gaya musu, amma da yardarsa, kuma da bakinsa in zai iya. Sirrinsa ne, ya kai shekara 18. Bayan abin da ya faru na tambaye shi me yake so a sani, me ba ya so. Ya rubuta rabin shafi da kansa, muka haɗa da takardar likita. Ba duk duniya za a gaya wa ba. Mu mutum uku muka zaɓa: malamin da ke ba ajinsu shawara, ma'aikaciyar jinya a asibitin makaranta, da mai kula da ɗakunan kwana.

Kuma ki shiga da sanin cewa ba alfarma kike roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006 kuma mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, sashenta na 24 ya ambaci karatun gaba da sakandare ƙarara, tare da yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da buƙatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, ke nan a makarantar da ke da dubban ɗalibai ɗanki ba shi kaɗai ba ne, ko da ofis ya nuna miki bai taɓa ji ba. Mu ma ofishin farko da muka shiga haka aka kalle mu, aka ce mu dawo wani mako. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne mun daina cewa «a taimaka masa», muka rubuta abubuwan da muke nema ɗaya bayan ɗaya: ɗaki na mutum biyu a ƙarshen layi, kujera kusa da ƙofa a aji, izinin naɗar lakca a waya, jarrabawa a ɗaki mai shiru da ɗan ƙarin lokaci, sanarwa a rubuce idan an sauya jadawali. Sai aikin rukuni, wanda shi ne ya fi ba shi tsoro, muka roƙi malami ya sa shi a rukuni da kansa ya kuma faɗa masa takamaiman aikinsa. Ba duka muka samu ba. Ɗakin da jarrabawar kaɗai sun sauya komai.

Kiran waya ma mun sauya shi. Sau uku a mako, a lokaci sananne, kuma tambayoyi masu amsa: ƙarfe nawa ka kwanta jiya? Gida nawa ya rage a akwatin magani? Lakca nawa ka shiga yau? Wa ka yi magana da shi? Wani lokaci rubutu ya fi masa sauƙi fiye da murya, sai mu yi ta saƙo. Idan kika ga yana ramewa, ko shirunsa ya yi yawa, ko ya bar abin da yake matuƙar so, ki tashi ki je. Damuwa da baƙin ciki mai tsanani sun fi kama su fiye da sauran samari, kuma idan kin ji tsoron yana tunanin cutar da kansa, ki tambaye shi kai tsaye da kalmomi bayyanannu, sannan ki kai shi wurin likita.

Yanzu ke. Na ga yadda kika ambaci ciwonki a layi ɗaya kika wuce, kamar ba komai ba. Ni a zangon farkon nan da waya a hannu nake kwana, jinina ya hau har likita ya ƙara mini magani. Ki sa mutum na biyu a cikin lamarin tun yanzu, mahaifinsa ko wani ɗan'uwa da yaron ya saba da shi, wanda ya san sunan magungunansa da lambar likitansa, kuma makaranta tana da lambarsa. Ki haɗa takardun asibitinsa wuri ɗaya, ki ɗauki hotonsu a waya. Ki kuma gaya masa gaskiyar ciwonki a fili: ga sunansa, ga maganin da nake sha, idan an kwantar da ni wane ne zai kira ka. Nawa ya daɗe yana lura da ni yana ƙirga ranakun da na kwanta da rana, yana tsammanin mutuwa zan yi, bai faɗa wa kowa ba sai da na buɗe masa maganar.

Ƙannensa kuma za ki ga wani abu. Bayan tafiyarsa da wata guda, ƙaramar 'yata ta ce mini, «Mama, yanzu idan ina magana kina jira in gama.» Ban taɓa sanin ina katse ta ba. Ki ba su wannan lokacin, haƙƙinsu ne da ya daɗe. Abu ɗaya kawai, kada a taɓa masa ɗaki ba tare da an gaya masa ba. Mu mun juya gadonsa mun sa teburin karatun ƙanensa, ya dawo hutu ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, sai da muka mayar da komai yadda ya bari.

Ko ki bar shi ya tafi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 2013 likitoci suka haɗa nau'o'in larurar, har da wadda ake kira Asperger, a ƙarƙashin suna ɗaya mai faɗi, don haka naki zai iya bambanta da nawa nesa ba kusa ba. Amma idan shi yana so, ni ina ganin a bar shi, bayan an yi aikin littafin nan. Ki tambayi makarantar ko za a iya rage masa yawan darussa a zangon farko, ko a ɗage masa gurbin shekara guda idan kin ga shirin bai kammala ba. Nawa ya maimaita darussa biyu, zai gama bayan abokan shigarsa, kuma har yau akwai makon da sai an je an dubo shi.

Ki faɗa mini wata nawa suka rage kafin a buɗe makarantar, da kuma ko yana shan wani magani kullum. In kina so zan kwafo miki jerin abubuwan da na rubuta a littafina da yadda muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ki cire wanda bai shafe ku ba. Allah ya ba ki lafiya, ya tsare mana su.