Amsa ga mai tambaya kan juyin juya hali da Romawa sura 13

Ƙanena, ka tambaya ko Kirista zai iya goyon bayan juyin juya hali alhali Manzo Bulus ya ce kowa ya yi biyayya ga mahukunta. Ni ba fasto ba ne, tsohon malamin makaranta ne da ya yi fiye da shekara talatin a garin Sakkwato, don haka zan amsa maka da abin da na karanta da kuma abin da idona ya gani.

Abu na farko da ya kamata ka lura da shi shi ne lokacin da aka rubuta wasiƙar Romawa. Bulus ya aika ta wajen shekara ta 57, lokacin da Nero yake sarautar Rum, saboda haka ba wanda zai ce gwamnatin kirki kaɗai yake nufi. Amma shi wannan Bulus ɗin, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, bai sulale ya tafi ba, sai da ya sa mahukuntan garin suka zo da kansu suka fito da shi daga kurkuku, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bitrus ma, wanda ya ce a girmama sarki, shi ne ya faɗa wa majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa wajibi ne a bi Allah fiye da mutum. Ungozomomin Ibraniyawa a Masar sun ƙi kashe jarirai, Daniyel ya ƙi daina addu'a, amma cikinsu ba wanda ya nemi kujerar sarki. Dawuda kuwa ya sami Saul a cikin kogo, da dama a hannunsa, ya yanki gefen rigarsa kawai ya ƙyale shi. A fahimtata, ƙin bin umarnin da ya saɓa wa Allah daban, ƙwace mulki da bindiga daban, kuma matasanmu sukan cakuɗa su idan rai ya ɓaci.

Dalilin da ya sa nake riƙe da wannan bambanci shi ne ranar Lahadi, 22 ga Afrilu, 1990. Muna shirin tafiya sujada sai muka ji a rediyo Manjo Gideon Orkar yana shelar kifar da gwamnatin Janar Babangida, har ya ce an cire jihohin Sakkwato, Kano, Katsina, Bauchi da Borno daga Najeriya. Wasu 'yan'uwa a wasu sassan ƙasar sun ɗauka ceto ne ya zo, amma mu da muke zaune a nan mun san cewa da abin ya ɗore, mu ne za mu fara ɗanɗana kuɗarmu, domin mai shelar bai yi tunanin Kiristan da gidansa da kabarin iyayensa suke cikin jihohin da ya yanke ba. Maƙwabcina Musulmi ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in kawo iyalina gidansa har ƙura ta lafa. Kafin yamma an murƙushe yunƙurin, amma tun daga ranar ban sake jin kiɗan soja a rediyo hankalina ya kwanta ba. Na gaba da mu sun riga sun ga irin wannan a Janairun 1966, lokacin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, abin da ya biyo baya kuma bai tsaya ba sai da aka yi yaƙin basasa na wata talatin.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu bi na gaske da suka ga abin daban. Fasto Dietrich Bonhoeffer na Jamus ya shiga cikin masu shirin kawar da Hitler, aka rataye shi a watan Afrilun 1945, kuma ni ban isa in yanke masa hukunci ba. Sai dai abin da ya fuskanta gwamnati ce mai halaka al'umma sukutum, wadda ta toshe kowace ƙofa, ba tsadar shinkafa ko maguɗin zaɓe ba. Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na ƙasar Filifin a 1986, inda Kadinal Sin, shugaban cocin Katolika na Manila, ya kira jama'a suka cika titi da addu'a ba makami, har Shugaba Marcos ya bar ƙasar. Idan irin wannan kake kira juyin juya hali, ban ga inda ya saɓa wa Romawa 13 ba.

A Najeriya ta yau akwai wani ƙarin bayani, domin hukumar da ta fi kowa ita ce tsarin mulkin 1999, wanda ya ba ka 'yancin zaɓe da taro da faɗin albarkacin baki, ya kuma haramta karɓar mulki ta wata hanya dabam. Wanda ya yi zanga-zangar lumana bai fita daga biyayya ba, haka ma Bishop Kukah da yake faɗa wa gwamnati gaskiya daga nan Sakkwato, ko da wasu na jin zafin maganarsa. Ga masu sha'awar abin da sojoji suka yi a Nijar a Yulin 2023 kuwa, ina ba su shawara su je Illela da ke kan iyakar Najeriya da Nijar su tambayi 'yan kasuwa yadda suka ci abinci a watannin da iyaka take rufe.