Garin alminiyam a sito: me ya sa ake hana zuba masa ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata masana'anta a Kano inda muke gurza kayan alminiyam muna goge su. Garin da ke zuba muna ɗura shi a buhuna mu jibge a sito kafin masu saye su zo. Wani injiniya ya ce ko gobara ta kama shi kada mu kuskura mu zuba ruwa. Shin ƙarfe ma yana cin wuta ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, yana ci, kuma injiniyan nan gaskiya ya faɗa muku. Ka ƙyasta ashana a jikin tukunyar alminiyam, ba abin da zai same ta. Amma in ya zama gari luƙui, iska tana ratsa kowace ƙwaya, in kuma ƙurarsa ta turnuƙe a rufaffen ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa wurin.

A watan Agustan 2014, a garin Kunshan na ƙasar Sin, wata masana'antar goge ƙafafun mota na alminiyam ta fashe da safe, ma'aikata na bakin aiki. Mutum 146 suka rasu. Bincike ya nuna gangar da ke tara ƙurar ta yi tsatsa ta huje, laima ta shiga, garin ya ɗau zafi da kansa har ya kama. Wannan ne ya sa buhunanku suka tayar mini da hankali, balle da damina, ga rufin kwano mai yoyo. Jiƙaƙƙen garin alminiyam yana dumama, yana kuma fitar da iskar haidirojin, wadda ita kanta fashewa take. To ka ga mai watsa ruwa a kan wutarsa ƙara mata abinci yake yi.

Ku bar buhu, ku koma durom mai murfi, a busasshen wuri nesa da masu walda, kuma kada ku bari ya taru da yawa. Kada a hure ƙura da kwamfaresa. A share a hankali, har saman katako da bayan inji inda take kwanciya. Injin da aka gurza baƙin ƙarfe da shi kada a gurza alminiyam, domin haɗuwar garinsa da tsatsa na haifar da wuta mai narkar da ƙarfe.

In ta kama, busasshen yashi ake zagaye ta da shi sannu a hankali, ko hodar kashe gobara mai alamar D, wato wadda aka yi domin gobarar ƙarfe. In ta fi ƙarfinku, kowa ya fita, ku kuma shaida wa 'yan kwana-kwana tun daga bakin ƙofa cewa garin alminiyam ne ke ci.