Amsa: Ko nauyin kaya yana raguwa a kan tudun Jos?

Malam, ka tambaya ko buhun dankalin Turawa ya fi sauƙi a Jos fiye da Abuja, tunda Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Haka ne, ƙarfin jan da Duniya take yi wa abubuwa yana raguwa gwargwadon nisansu daga tsakiyarta, sai dai bambancin garuruwan biyu bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba, don haka babu ɗan dakon da zai ji shi a wuyansa.

A wasu duniyoyin ne lamarin yake fitowa fili, domin ƙarfin jan kowace duniya ya dogara ne da yawan abin da ta ƙunsa da kuma faɗinta. Da za a ɗora buhu mai kilo 100 a sikelinmu a kan Wata, kusan kilo 17 zai nuna, a Mars 38, a Jupita kuwa kimanin 250, alhali ko ƙwayar dankali ɗaya ba ta ragu ko ƙaru ba.

A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan Wata, suka sauka lokaci ɗaya saboda babu iskar da za ta tare gashin. Mutanen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa, waɗanda ake gani suna shawagi a nisan kilomita 400, ba su kuɓuce wa jan Duniya ba, don kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana nan. Faɗowa suke yi tare da tashar ba ƙaƙƙautawa, amma gudun kusan kilomita 28,000 a awa yana sa su kewaya Duniya maimakon su faɗo mata.